Ranar da Na Cire Takalmi a Dandalin Rum

Akwai hoton nan da ke yawo a tsakaninku, wanda kawunku Bala ya ɗauka, ina tsaye ba takalmi a gaban wata ƙatuwar coci a birnin Rum, da baƙar abayata da 'yar jaka a hannu. Na san kun sha dariya a kansa, na kuma san an yi ƙus-ƙus. Da kunnena na ji wata daga cikin surukaina tana gaya wa 'yarta wai tsufa ne ya sa Hajiya ta ɗauka Harami ta shiga. Masu zafin cikinku kuma cewa suke a tafiyar nan na saɓa wa mahaifinku, Allah ya jiƙansa. To, tun ina da sauran hankali da hannun riƙe alƙalami, bari in faɗa muku yadda aka yi, kada in tafi a bar hoto yana magana a madadina.

Ba za ku gane ba sai na koma baya. Ina gama sakandare a Kano aka ɗaura mana aure da Malam, ya kawo ni Jidda, inda yake ɗinki a wani ɗan shago a Bani Malik. A can na haifi Yayanku. Ku da kuka tashi a nan ba ku san nauyin ɗan fari a wurinmu ba. Yadda na taso na ga iyayenmu mata, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma a wurinmu ado ce ga mace. A gida akwai kaka da gwaggo da inna da za su cike gurbin, su goya shi, su shagwaɓa shi. A Bani Malik kuwa ba ni da kowa sai bango huɗu da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙugi. Na riƙe kunyar, amma babu wadda ta riƙe mini yaron. Maƙwabtanmu Larabawa su kuma akasin haka suke, da sunan ɗan fari ake kiran mace, tana jin daɗi. In suka ƙwala mini “Ummu wane” daga saman bene sai in ji kamar an yaye mini mayafi. Ni dai “kai” nake ce masa, ko “wannan yaron”.

Wata rana ya dawo daga makaranta, bai ko cire jaka ba, ya tsaya a bakin kicin ina yanka albasa.

“Ummi,” ya ce, “me ya sa maman Khalid take ce masa habibi, ke kuma kai kike ce mini?”

Na yi dariya na ce, “Su Larabawa ne. Karɓi, je ka sayo mana burodi.”

Ya karɓa ya tafi. A raina na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Sauran kun sani, ko da ba duka ba. Da ya girma ya fita daga iƙamar mahaifinku, wato takardar zaman ƙasa, kafilin da zai tsaya masa kuma bai samu ba. Yana bin masu shimfiɗa farin dutse a sababbin gidaje, ya iya aikin har ana nemansa, sai rannan aka yi kame a wurin aiki, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa da yara ke yi wa dariya. Bai daɗe ba muka ji ya bi hamada. Abin da na sha a shekarun nan ba na wannan babin ba ne. Allah ya tsallakar da shi, ya samu takardu a Italiya, ya samu aiki da masu gyaran tsofaffin gine-gine. Cikin murna ya aiko mana da hoto. Yana saman ƙarafan hawa na magina, waɗanda a nan muke ce wa saƙala, da burushi a hannu, yana wanke fuskar wani mutum-mutumi mai fukafukai.

Malam ya daɗe yana duban hoton. Mutum ne da bai taɓa yarda ko 'yar tsana ta kwana a gidansa ba, ku shaida ne. Ya ajiye, ya ɗauki tabaraunsa ya goge.

“Na yi shekaru ina roƙon Allah kada teku ta ci shi,” ya ce, “ashe mai wankan gunki nake roƙa wa.”

Daga ranar ya daina karɓar wayarsa. In ta yi ƙara ya ga daga waje ne sai ya tashi ya yi alwala. Ana haka Yayanku ya aiko mini da takardar gayyata, ƙanena Bala kuma dama yana zuwa Italiya saro takalma, ga muharrami. Na zaci Malam zai hana. Sai ga shi da kansa ya je wurin kafilinsa ya nemo mini izinin fita da dawowa. Ranar tafiya, bayan sallar asuba, ya zaunar da ni.

“Ba yawon buɗe ido na aike ki ba. Ki ce masa ya zaɓa, ko gumakan nan ko ni. In ya bari, ɗana ne. In ya ƙi, kada ya neme ni da rai, kada ya zo kan kabarina. Ki faɗa masa kamar yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari.”

Na ce to. A zamana da shi ban taɓa ce masa wani abu ba in ba to ba.

Mun sauka da safe. Yayanku yana wurin aiki, ya ce mu same shi a can, ya kwatanta wa Bala. Muka bi wasu lunguna matsattsu masu inuwa, gidaje dogaye sun haɗe kai, har suka tuna mini da Balad, tsohon garin Jidda, sai dai babu tagogin katakon nan namu. Ina tafe ina maimaita saƙon Malam a zuciya kamar mai tilawa. Kwatsam sai lungun ya ƙare, sama ta buɗe.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba, amma zan gwada. Fili ne babba, an shimfiɗe shi da ƙananan baƙaƙen duwatsu da ƙafa ta goge har suna sheƙi. Ta dama da ta hagu ginshiƙai ne na farin dutse, jeri bayan jeri, ba a miƙe suke ba, sun lanƙwaso kamar mutum ya buɗe hannuwa zai tarbi baƙo. Can gaba cocin take, da ƙubba a kanta. Ni duk ginin da na sani bango ne a tsaye, amma fuskar wannan tana shiga tana fitowa, nan ta kumburo, nan ta lotsa, kamar labulen da iska ta taɓa. A tsakiya ruwa ne ke tsartuwa daga cikin duwatsu yana zuba a wani babban tafki, ƙararsa ta rufe hayaniyar mutane. Ga tantabaru ko'ina. Ginshiƙai, da fili, da farin dutse, da tantabaru, da jama'a kala-kala kowa ya ɗaga kai: wuri ɗaya tak na taɓa ganin waɗannan a haɗe. Kafin hankalina ya iso, jikina ya riga ya yi abin da ya saba. Na sunkuya na zare takalmana, na ciro 'yar jakar yadin nan da Malam ya ɗinka mini don zuwa Harami, wadda ba ta rabuwa da jakata, na zura su.

“Yaya, me kike yi haka?” in ji Bala. “Nan fa ba masallaci ba ne, ko cocin ma ba mu shiga ba. Titi ne. Ga kare can yana wucewa.”

Na dubi ƙafafuna. Kunya ta kama ni, na yi istigfari. Sai dai kafin in mayar, ya riga ya ɗaga abin hotonsa.

“Tsaya, tsaya. Wallahi sai na nuna wa mutanen Bani Malik.”

“Bala, ka ji tsoron Allah.”

“Ina ji. Kalli nan.”

To kun ji asalin hoton. Ban ɗauka Harami na shiga ba, Allah ya tsare. Ƙafata ce ta yi kuskure, ba zuciyata ba. Amma kuskuren nan shi ya nuna wa Yayanku ni. Daga baya ya gaya mini yana saman saƙala yana duban taron, mata masu baƙaƙen kaya da yawa, har da matan coci masu lulluɓi irin namu, bai san wacce ba ce. Sai ya hango wata ta sunkuya tana cusa takalmi a jaka. Ya ce wa abokin aikinsa, waccan uwata ce.

Ya sauko da gudu. Ya yi baƙi, ya yi faɗi, farar ƙura a girarsa. Ya buɗe hannu zai rungume ni kamar yadda ya ga ana yi. Ni kuwa, ga ƙanena a tsaye, ga jama'a, sai na ja da baya kaɗan na ce, “Kai ne? Sannu. Ka yi ƙiba.” Na ga hannuwan sun sauka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juya ya rungumi kawunsa.

Ya nemi izini a wurin aiki ya zaga da mu. Ba zan ɓoye muku ba, rabin zagayen idona a ƙasa yake, don mutanen dutsen da ke kwance a bakin ruwan nan ba su da kirkin sutura. Bala yana ta tsokanata wai in ara musu abaya. Amma inda ya halatta in duba na duba, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Ni matar tela ce, na san yadi. Na san yadda alharini yake zubowa da yadda auduga take tsayawa. A saman ginshiƙan nan akwai mutane na dutse sanye da riguna, iska ta kwashi gefen rigar ta yi sama da shi, ninki a kan ninki, har da inda yadin ya tattare a gwiwar hannu. Dutse ne, amma sai ka rantse in ka taɓa zai motsa. Yayanku ya ce salon sunansa barok, masu shi ba sa son abu ya tsaya cik, so suke komai ya zama kamar yanzu ya motsa. Ya nuna mini yadda aka sassaƙa ganye da 'ya'yan itace a kan ƙofa, da yadda aka tsara ginshiƙan, in ka tsaya a wani wuri sai na baya su ɓuya a bayan na gaba, in ka gusa su sake fitowa. Na gusa, na dawo, na sake gusawa kamar yarinya. Na ce a raina, tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci hannu ya koya masa. Waɗanda suka yi wannan sun mutu tun tuni, ba akidarmu ɗaya ba, ba kuma za ta zama ɗaya ba, amma na gane sun so abin da suke bauta wa, sun ba shi iyakar abin da suka iya. Sai na tambayi kaina ko ni na taɓa nuna wa wani so har haka, a fili, yadda mai wucewa zai gani.

“Ainihin aikin naka mene ne?” Bala ya tambaye shi.

“Hayaƙin mota da kashin tantabara, Kawu. Suna cin dutsen. Mu muke wankewa a hankali, da ruwa da burushi mai laushi.”

Bala ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. “Ikon Allah. Kakarka ta wajen uba, tun kafin a haife ka, ta ƙare rayuwarta a Makka tana sayar da hatsin tantabaru, kai kuma an kawo ka Turai kana share abin da suka sauke. Gado ne.”

Muka yi dariya duka. Bala ya ce zai je ya nemo mana abin sha, na san kuma fili yake ba mu. Muka zauna a gindin wani ginshiƙi, ni da Yayanku. A gabanmu, a kan wani dogon dutse, akwai siffar mace da jariri, Maryama suke nufi, Allah ya ƙara mata yarda. Ba goye yake ba, ba kuma a ɓoye cikin mayafi ba. Ta ɗago shi da hannu biyu ta miƙo shi gaba, kamar tana cewa duk wanda ke filin nan ya duba. Na kau da kai.

Na faɗa masa saƙon. Kamar yadda aka ba ni na ba shi, ban sa sukari ba, har maganar kabari. Ina magana ina kallon yatsun ƙafata, don har lokacin ban tuna na mayar da takalmin ba.

Ya juyo ya fuskance ni.

“Ummi, ni ba na bauta musu,” ya ce. “Wallahil azim. Ga can bayan shingen inda nake sallah, kwalin da nake shimfiɗawa yana nan, mutanen nan har tsayawa suke in idar. Na nemi wani aikin, da wannan aka ba ni takarda. In na bari yau, takardar ta tafi. In koma ina? Jidda da aka kore ni, ko Kano da ba wanda ya san ni?”

Ya matso kusa da ni.

“Ke kuma fa? Ke me kika ce?”

“Ni aike aka yi ni.”

Ya gyaɗa kai, ya miƙe yana kakkaɓe wando. “Halas, shi ke nan. Ki ce masa na ji. Dama ban sa rai ba. Shi ya ce kada in zo kabarinsa, ke kuma tun da kika haife ni ko sunana ban taɓa ji a bakinki ba. Na ɗauka da kika hau jirgi, ni kika zo gani.”

Ya juya ya nufi saƙalarsa. Ba da fushi yake tafiya ba, a hankali, kafaɗa a sake, irin tafiyar da ya yi ranar da na aike shi sayen burodi. Sai a lokacin na gane tambayar nan ba ta taɓa ƙarewa ba, tare da ita aka sa shi a jirgi, tare da ita ya ƙetare hamada da teku. Abin da nake ɗauka ado ne, shi a wurinsa ƙofa ce a rufe, don ba a garin da ake fassara wa yaro irin wannan ya tashi ba. Jama'a suka fara shiga tsakaninmu. Na ga in ya kai ƙarafan nan ya hau, ya tafi ke nan, zan koma Jidda in ce wa Malam an rabu, ni ce kuma na kai wuƙar.

Na miƙe. Na buɗe baki. Na ji muryar uwata da ta kakata suna cewa ke, a gaban mutane? Na ce su yafe mini.

“Idrisu!”

Ban san ina da murya haka ba. Ko kuma ginin ne, don bangayen nan masu lanƙwasa sun karɓi sunan sun dawo mini da shi. Tantabarun da ke kusa suka tashi. Wata tsohuwa mai lulluɓi da carbinta a hannu ta waiwayo ta dube ni. Shi kuwa ya tsaya cik, bai juyo ba. Na sake kira, wannan karon a hankali. Na taka duwatsun nan da rana ta gasa har na isa gare shi, na kama hannunsa mai kaushi da hannu biyu.

“Na isar da na mahaifinka,” na ce, “saura nawa. Kada ka sunkuyar da kai ga kowa sai Allah. Ka riƙe sallarka. Ka ci gaba da neman wani aikin, in Allah ya kawo ka karɓa. Kafin nan ban ce ka jefar da takardarka ka shiga duniya ba. Kuma kai ɗana ne, ko ka bari ko ba ka bari ba.”

Ƙaton mutum ya kifa kai a kafaɗata yana kuka a tsakiyar dandali. Bala ya dawo da kofuna a hannu, ya tsaya daga nesa. Wannan karon bai ɗauki hoto ba.

Da na dawo ban ɓoye wa Malam ko kalma ba. Na faɗa masa na isar, na faɗa masa amsar, na faɗa masa abin da na ƙara nawa.

“Na ce ki ƙara?” ya tambaya.

“Ba ka ce ba.”

“To.”

Ku manyan kuna tuna lokacin da ya koma cin abinci a shago. Ba ciwon ciki ba ne kamar yadda na gaya muku. Watanni ya yi ba ya taɓa girkina, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na sha wuya, don ban saba ba, kuma har yau ba na cewa shi ne bai da gaskiya. Tsoron Allah ne ya sa shi, da tsoron kada ɗansa ya halaka. Na tambayi malamai a kan aikin, wani ya tsananta, wani ya sassauta saboda lalura, na bar wa Allah sani. Abin da na sani, ban karkatar da saƙonsa ba, ban kuma yi masa ƙarya ba. In wannan ne saɓawar da kuke faɗi, to ku auna da kanku.

Abin da ya ba ni mamaki, wata rana yana karyawa shi kaɗai sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, wai da gaske ne rigunan dutsen har da tattara a gwiwar hannu. Na ce har da ita. Ya ce hm. Ya sake tambaya ko saƙalar tana da tsawo. Na ce ta fi gidanmu.

Ana gab da azumi wayar ta yi ƙara da la'asar, daga waje. Na miƙa hannu, sai na ga Malam ya riga ni. Ya kara a kunne, ina jin muryar yaron can ƙasa-ƙasa yana ta gaisuwa. Bai amsa gaisuwar ba. Bai ce ya yafe ba, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya furta kalmar ba. Cewa ya yi:

“In za ka hau abin nan, ka riƙa ɗaura igiya.”

Ya miƙo mini wayar, ya ce in zubo masa abinci.

Jakar takalmin tana nan a ƙasan akwatina. In na rasu a ba Idrisu. Ga shi na rubuta da hannuna.